Yadda Ake Zama Gwanin Kwamfuta Ba Tare da An Gama Komai Ba

Tun da labari ya bazu a 2020 cewa kamfanin Stripe na Amurka ya sayi Paystack, wanda Shola Akinlade da Ezra Olubi suka kafa, a kan sama da dala miliyan 200, da wuya ka zauna a teburin mai shayi ba ka tarar da mai shirin "shiga tek" ba. Gwamnati ta ƙara rura wutar a 2023 da shirin 3MTT na horar da mutum miliyan 3. To, ƙanena, tunda kai ma ka ɗaura niyya, matso kusa in koya maka yadda za ka shekara biyar kana farawa, mutuncinka bai taɓu ba.

Kaya tukuna. Kada ka kuskura ka rubuta ko layi ɗaya sai ka mallaki MacBook. Tsohuwar ThinkPad ta hannu, irin wadda ake samu a titin Beirut a Kano ko Banex a Abuja, ta ishi mai koyo har ta yi saura, amma wa zai ɗauki hotonta? Kafin kuɗi su taru, sayi sitikun da za ka manna wa MacBook ɗin ka adana. Ka nemi rigar sanyi mai hula, ka riƙa sa ta ko a zafin Afrilun Sakkwato. Sannan ka hau LinkedIn ka yi wa kanka naɗi: injiniyan manhaja, mai kafa kamfani, mai hangen nesa. Wannan sarautar ba ta buƙatar masu zaɓen sarki.

Sai zaɓen yaren kwamfutar da za ka koya. Brendan Eich ya rubuta JavaScript na farko cikin kwana 10 a 1995, don haka kai ka ɗauki wata shida kana shawarar ko shi za ka koya ko Python. Ka tambaya a kowane zauren WhatsApp, kowa zai ba ka amsa daban, abin da ake so ke nan. Ranar da ka tsai da magana, wani zai ce ai yanzu tsaron intanet ake yayi. Koma can. Bayan sati biyu za ka ji nazarin alƙaluma ya fi kawo dala.

Karatu kuwa da ido ake yin sa. Sayi datar dare, ka sauke bidiyon koyarwa mai awa 12, ka kishingiɗa ka kalle shi kamar fim mai dogon zango, kana gyaɗa kai. Duk abin da malamin ya rubuta yana aiki, kai ma zuciyarka za ta gaya maka ka iya. Ka yi nesa da kwas ɗin CS50 na jami'ar Harvard. Kyauta ne, amma yana da mugun hali: ana ba da aikin gida.

Yanzu ga babban haɗari, kasa kunne. Wata rana kawunka mai makarantar Islamiyya zai kira ka ya ce, "Kai da ka san kwamfuta, yi mana ɗan abin da zai riƙa fitar da sakamakon jarrabawa." Ka ce kana da uzuri. Ka ce ma za ka yi tafiya. Domin in ka yarda, ga abin da zai same ka. Za ka haɗa fom, ka gwada da sunan John Smith kamar yadda ka gani a bidiyo, komai lafiya lau. Sai malam ya shigar da Sa'adatu, manhajar ta ƙi. Ɗan waƙafin saman nan da ke tsakiyar sunanta shi ne alamar da SQL, yaren rumbun bayanai, yake rufe zance da ita, sai rumbun bayanai ya ɗauka sunan ya ƙare a "Sa", sauran kuma umarni ne da bai gane ba. Kana gyara wannan za ka fahimci cewa ta wannan ƙofar ce ɓarayin intanet suke shiga su kwashe bayanai. Ka wuce nan, Ɗanladi ya fito a takarda da alamar tambaya a madadin harafin farko, dole ka je ka san mene ne UTF-8. Sai a gano Muhammad Sani uku ne a aji ɗaya, kai kuwa da suna kake bambance ɗalibai, ka haɗe musu maki har wani ya ci 240 cikin 100. Malamin aji kuma wayarsa ƙaramar itel ce, shafinka ya ƙi buɗewa. Kafin zangon karatu ya ƙare ka koyi abin da bidiyo hamsin ba su koya maka ba, kana da aikin da mutane suke amfani da shi, wani mai makarantar ma ya fara tambayar nawa kake yi. Daga nan sunan "mai farawa" ya kuɓuce maka, kuma ba a mai da shi.

In ta kama dole ka rubuta wani abu, ai tun Nuwamban 2022 akwai ChatGPT. Kwafo, manna, kada ka karanta. In jan rubutu ya fito, kada ka dube shi, don yawanci yana faɗin sunan fayil da lambar layin da kuskuren yake, kuma sanin haka yana rage wa mutum kwarjini. Kwashe shi ka mayar wa na'urar, ku yi ta yi har abin ya daina ƙorafi. Ranar intabiyu in aka ce ka yi bayanin layi na 40, ka yi murmushi ka ce, "Ai a kwamfutata yana aiki."

Linus Torvalds ya ƙirƙiro Git a 2005 don adana tarihin kowane gyara. Ba ka buƙatarsa. Sa wa fayil suna "na ƙarshe", na gaba "na ƙarshe gaske", na bayansa "na ƙarshe wallahi 2". In kuwa abokai sun matsa sai ka buɗe GitHub, to ka ɗora har da kalmomin sirrinka. Akwai manhajojin da ba su da aiki dare da rana sai laluben irin wannan sadaka.

Uzuri kam Allah ya hore mana. Ga NEPA, ga ƙarin kashi 50 cikin 100 da hukumar NCC ta amince wa kamfanonin waya a Janairun 2025, ga wayoyin ƙarƙashin teku da suka katse a Maris na 2024 suka jefa Afirka ta Yamma cikin matsalar intanet. A nan kam ba na dariya: wanda yake koyon kodin da cajin shagon unguwa ya fi ɗan San Faransisko wahala nesa ba kusa ba. Sai dai ka riƙe sirrin nan, kada a ji: littafin bayanin Python ana sauke shi gaba ɗaya a karanta babu data.

A gida kuwa ka riga ka zama Injiniya. Gwaggo za ta aiko da wayarta ta cika da hotunan biki. Maƙwabci yana son a gyara masa shekarar haihuwa a NIN. Wata za ta ja ka gefe ta tambaya ko ana iya karanta saƙonnin maigida daga nesa. Amsa ɗaya ce ga kowa: "Zan duba." Wanda ba ya karɓar wannan amsar shi ne baban yarinyar da kake nema, ranar da ya ce, "Yaro, wai ofishin naku a wane layi yake?" ka ce masa a ɗakinka.

Za ka kuma haɗu da mai dabara. Yana da tunanin da zai girgiza Afirka, irin Uber amma na Adaidaita Sahu, ba ya da ko sisi, zai ba ka kashi 5 na kamfanin in ka gina komai. Karɓi da hannu biyu. Aiki ne da ba ya ƙarewa, ba kuma wanda zai taɓa gwada shi.

In duk da wannan kiyayewa tsautsayi ya sa aka ɗauke ka aiki, saura dabara ɗaya. Duk wani babban gyara, ka sake shi ranar Juma'a, ba gwaji. A ranar Juma'a, 19 ga Yulin 2024, sabuntawa guda daga kamfanin CrowdStrike ta durƙusar da kwamfutocin Windows kusan miliyan 8.5 a ƙiyasin Microsoft, jirage suka kasa tashi, bankuna da asibitoci suka rikice. Su fa ƙwararru ne masu albashin dala. Kai danna maɓallin ana kiran sallah, ka kashe waya, ka wuce ɗaurin aure Gumel. Ranar Litinin kowa a kamfanin zai san sunanka, har da shugaban.