Taswirar Jiharmu Tana Teburin Mai Shayi

Duk wanda ya ƙudurta mallakar taswirar hanyoyin Jihar Katsina, irin wadda ake ninkewa a sa a aljihu, to ya tanadi guzuri da haƙuri. Jiha ce mai ƙananan hukumomi 34, an yanke mata cibi daga Kaduna tun 1987, amma har gobe hoton ɗan takarar kansila ya fi taswirarta sauƙin samu. Shiga shagon littattafai ka tambaya, za a miƙo maka kalanda mai hotunan sarakuna. In ka dage, yaron shago ya ce, "Yanzun nan ta ƙare, Alhaji, amma kaya na hanya." Kayan da ba a taɓa sarowa ba.

A ofis kuwa akwai ta, babu musu. Tana cikin kabad, makullin na hannun Oga, Oga ya tafi ta'aziyya. Wadda ke rataye a bango ta yi launin kunun tsamiya, kuma a wurinta in ka wuce 'Yankara Jihar Sakkwato ka shiga. Ba wanda ya kai mata labarin an ƙirƙiro Zamfara a 1996.

To, mu ma dai me za mu yi da takarda, alhali matambayi ba ya ɓata? Haka iyaye suka ce, sai dai ba su faɗa mana abin da ke samun wanda ya tambayi mutum biyar lokaci guda ba. Je ka Sheme ka gani. Garin na kan titin Funtuwa zuwa Gusau, nan hanyar Ƙanƙara ta ɓalle, saboda haka baƙo ba ya yankewa. Ka tsaya a teburin mai shayi ka yi sallama, ka ce Sabuwa za ka. Kafin a nuna maka ko'ina sai an ji daga ina kake, wurin wa za ka, biki ne ko rasuwa. Sannan wani dattijo ya gyara zama, ya tsuke baki ya nuna kudu da leɓe: "Ai nan ne, ɗana, ba nisa." Na kusa da shi ya ce ka koma Funtuwa ka bi ta Dandume. Wani ya ajiye kofi ya rantse akwai yanke, shi da kansa ya bi ta a kan babur zamanin Shagari. Nan gardama za ta kaure, a manta da kai, a koma kan wanda ya yi kwangilar hanyar da wanda ya cinye kuɗin.

Kada ka kuskura ka ce kilomita nawa. Mu ba ma auna tafiya da wannan. Akwai "nan kusa", akwai "ka ɗan taɓa", akwai "da ɗan rata", kuma wanda aka ce wa "da ɗan rata" ya nemi wurin kwana. Alamomin hanya su ne abin sha'awa, don yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya: ka miƙe ɗoɗar sai ka kai kukar nan da aka sare, ka karya dama daidai inda tirelar siminti ta faɗi bara waccan. Baƙon da ya san inda tirela ta faɗi bara waccan, me zai tambaya?

Duk wannan don kada a ce "ban sani ba". A wurinmu wannan kalma ta fi bashi nauyi. Gara mutum ya tura ka Tsafe da zuciya ɗaya da ya bar ka ka tafi kana cewa garin nan ba masani.

Yaran zamani za su ce a buɗe Google Maps. Madalla. Baturiyar cikin waya akwai ladabi, ba ta tambayar wurin wa za ka, amma ba ta san ranar kasuwa ba, ba ta san rami ba, ba ta san an yi la'asar ba. Da murya mai daɗi za ta ce ga gajeriyar hanya, ta nufi daji da kai, dajin da direban haya ba ya ko kallo. A Satumbar 2021 da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa, ɗif ta yi, aka koma wa 'yan kamasho a tasha. Su ne ke da amsar tambayar da ba ta cikin kowace taswira: "Yau hanya lafiya?" Kuma a halin rashin tsaron da ake ciki, baƙon da ya baje takarda a kan bonet yana bin layi da yatsa, kafin ya gano Faskari an gama yi masa kallon infoma.

Roƙona ga hukuma bai da yawa. A buga taswirar nan, a manna a kowace tasha, a kafa alluna masu suna da nisa a kowace mararraba, a ɗaga su sama yadda mai liƙa fosta ba zai kai ba ko da tsani. Kai kuma Malam mai nuni da leɓe, in ba ka taɓa zuwa Sabuwa ba, don Allah ka tura baƙo tasha.