Waifar da ke Jiran Damina

Waifa mai jin ruwa tana aiki ne da wata na'ura da ke manne a gilashin gaban mota, bayan madubin tsakiya. Na'urar tana harba wani haske da ido ba ya gani cikin gilashin. Idan gilashin a bushe yake, hasken ya dawo mata duka. Idan da ɗigon ruwa, wani sashe ya tsere, sai ta tayar da waifa. An ƙera ta ne don ƙasashen da sama ba ta gajiya da zuba. A Sabon Birni da Isa kuwa, inda damina ba ta cika wuce Yuni zuwa Satumba ba, wata takwas take yi tana cin albashi a zaune.

Tsohuwar mota 'yar Kwatano kan zo da ciwo iri biyu: ko waifa ta yi ta share ƙura da tsakar rana tana karce gilashi, ko a tsuge da ruwa ta yi kunnen uwar shegu. Gwaji kan fara da fis, sai wanke gilashi, sai ɗaye sitikar da aka liƙa daidai idon na'urar. Mafi yawan laifin yana ga ɗan danƙo mai sheƙi da ke tsakaninta da gilashi. Zafin bazara kan busar da shi, mai canja gilashi kuma kan jefar da shi a zaton datti ne.

Idan mai wayarin Bayarabe ne, mai mota kuma Bagobiri, rabin lokacin gyara a wasan taubasai yake tafiya. Ƙarshenta dai a mayar da makunni na hannu, wanda ya fi sabuwar na'ura araha.