Basfar Magada

Duk wanda ya yi wayo a Kano lokacin da aka raba kuɗin Udoji ya san malamin makaranta ba ya cika malami sai ya hau Basfa. A 1975 ma'aikatan gwamnati suka karɓi ƙarin albashi haɗe da ariyas, wasu suka ƙara aure, wasu suka sayi rediyo mai kaset, masu dogon tunani suka sayi babur. Mu yara muna bakin titi muna shaƙar shuɗin hayaƙin muna jin daɗi. Tun a lokacin na ƙudurta sai na mallaki tawa, amma Allah bai nufa ba sai da furfura ta cika mini gemu, gari kuma ya cika da Boxer da Jincheng da roba-roba.

Wani dillali ne a Gwammaja ya ji ina cigiya, ya zo har gida bayan sallar isha'i yana magana ƙasa-ƙasa. "Alhaji, kayan marigayi ne. Tun da aka sauke ta daga jirgin ruwa hannu ɗaya ne ya taɓa ta. Turawa ma nema suke da dala, don dai kai namu ne."

A soron gidan marigayin na same ta, bayan buhunan gawayi. Vespa Super 150 ce, koriya, mai ƙananan tayoyi inci 8, irin wadda kamfanin Piaggio na Italiya ya riƙa ƙerawa daga 1965 zuwa 1979. Kujerar ta tsage, an ɗinke ta da zaren buhu. A faffaɗan wurin da ake ɗora ƙafa kuwa wata kaza ce ke kwanci, tana harararmu. Da na miƙa hannu zan taɓa birkin ƙafa ta sare ni a yatsa. Dillali ya ce alamar albarka ce.

Maganar Turawa ba ƙarya ba ce gaba ɗaya. Tun 1946 ake yin Basfa, kuma akwai masu tara tsofaffinta da ke biyan kuɗi mai kauri. Sai dai su abin da suke biya shi ne asali: inji na asali, lambobi da suka dace da takarda, har fenti na farko. Dillali ya ɗauko farashinsa daga can, ya ce naira miliyan ɗaya. Muna cikin haka sai ga ɗan gwangwan yana wucewa da kurarsa, ya leƙo, ya ɗan ɗaga bayanta da hannu ɗaya, ya lumshe ido yana lissafin kilo, ya ce dubu 25, kuma ban da kazar. Tsakanin waɗannan malamai biyu muka yi ta albarka da ƙari har babban ɗan marigayi ya sallama a naira 220,000. Na biya, na ba dillali la'adarsa, na koma gida ina jin na zama hedimasta.

Washegari da na je ɗauka sai na tarar da tabarma a shimfiɗe, mutane a zazzaune. Ashe Basfar tana cikin gadon da ba a raba ba. Matan marigayi biyu suna da tumuninsu a ciki, 'ya'ya tara kuma kowa da rabonsa, namiji ninkin mace. Wani ƙanin babban ɗan da ya iso daga Legas a daren ya ce shi bai sallama sitiyarinsa ba. Wata 'yar marigayi ta fashe da kuka, ta ce a tsaye a gaban nan Baba yake kai ta firamare, sai da na ƙara dubu 10 kukan ya lafa. Uwargidan marigayi ta aiko daga bayan labule cewa ta yafe nata kason, da sharaɗi biyu: kada a sauya launi, kuma duk Juma'a in biyo ta ƙofar gidan ta ji ƙarar. Na ce, "An gama, Hajiya." Kowa ya sa hannu a takarda, ban da autan gidan da ke sayar da albasa a Fatakwal, wanda wayarsa ba ta shiga. Aka ce ai wannan ba komai.

A cikin a-daidaita-sahu na kai ta wurin gyara, rabinta a waje. Yaran bakanike na unguwarmu suka kewaye ta suna neman inda sarƙa take. Basfa ba ta da sarƙa. Inji da giya da tayar baya duk a haɗe suke, a ɓoye ƙarƙashin murfin dama. Ogansu ya goge hannu ya ce, "Baba, wannan ai Gidan Makama za ka kai ta." Wani mai shayi ne ya ji tausayina ya kwatanta mini wani dattijo a Fagge, gindin wata darbejiya.

Dattijon bai amsa sallamata da kyau ba, Basfar ya fara gaisarwa. Ya shafa gabanta ya ce, "Ke ce? Ina Malam?" Da na gaya masa Malam ya riga mu gidan gaskiya sai ya cire hula, ya yi addu'a mai tsawo, sannan ya dube ni sama da ƙasa da irin kallon da ke nuna bai ga magaji ba. Ya cire murfin, ya kankare maiƙo da wuƙa, ya nuna mini lambar da ke jikin ƙarfen: VBC1T, shaidar ƙirar Italiya. Na fara murmushi. Sai ya buga injin da sifana ya ce, "Wannan kuma na Bajaj ne, ɗan Indiya. Ni na sa shi da hannuna lokacin Shagari, da na asalin ya buga a hanyar Wudil." Kamfanin Bajaj ya daɗe yana ƙera Basfa da izinin Piaggio kafin ya ci gaba da yin tasa, shi ya sa kayansu ke shiga juna. Wato hannu ɗayan da dillali ya ce ya taɓa ta, na wannan dattijo ne, kuma ya taɓa ta sosai.

Gyaran ya ja lokaci, don Baba, wato dattijon, ba ya aiki da rana tsaka, ba ya aiki ranar Juma'a, ba ya aiki idan ina tsaye. Filogi da ringi an samu a Sabon Gari. Kwantak kuwa daga cikin wani tsohon gwangwanin Bournvita ya zaro shi, a naɗe da tsumma, ya ce shekara da shekaru yake ajiye da shi don ya san za ta dawo. Kuɗin ajiyar shekarun ma sai da na biya.

Ranar da ta tashi ya zaunar da ni karatu. Injin nan ba shi da wurin zuba baƙin mai daban, a cikin fetur ake gauraya shi, kashi 2 cikin 100. Ma'aunin Baba ƙaramin gwangwanin tumatir ne, ɗaya a lita uku. In ka rage, fistin ya kama. In ka ƙara, ka yi wa unguwa turaren sauro. Tayarwa kuma sai an buɗe mai, a ja cok, a karkata ta dama a ɗan jira, a miƙar da ita, sannan a buga kik. Na tambayi dalilin karkatawar. Ya ce, "Ɗan nan, haka Indiyawa ke yi, haka Malam ke yi. Kai wane ne?" Ba ta da batir, don haka fitila da oda duk ƙarfin inji suke bi: in tana gudu ta haska hanya, in ka rage wuta fitilar ta yi ja, odar kuma ta koma kukan agwagwa mai mura.

Giya huɗu gare ta, duka a hannun hagu: ka matse kuloci ka murɗa hannun gaba ɗaya. Abin da Baba ya ɓoye mini shi ne nauyinta duk a baya yake. Ina sakin kuloci ta ɗaga gaba, ta yi tsaye a kan ƙafa ɗaya, ta ɗauke ni muka ratsa tsakanin benci biyu, muka sauka a teburin mai ƙosai. Babbar rigata ta sha ƙullu har wuya. Baba ya taso a guje, ya wuce ni, ya durƙusa yana duba fenti. Mai ƙosai ta ce, "Sannu Alhaji, kwano biyu ne da rabi."

Sai batun lamba. Takardun marigayi suna nan a cikin leda, sun yi ja, lambar kuma tsohuwar KN ce. Adireshin da ke ciki Gumel, Jihar Kano. Yaron da na tarar a ofis ya ce takardar jabu ce, Gumel a Jigawa take. Na ce, "Yallaɓai, sai 1991 aka cire Jigawa daga Kano." Ya kira na kusa da shi, wanda shi ma ba a haife shi ba a lokacin, suka duba waya, suka yarda ba da son ransu ba. Daga nan suka nemi takardar kwastan. Na ce wanda ya shigo da ita da wanda ya karɓi harajin duk suna lahira. Suka fita duba lambar inji, suka ga ba ta dace da ta takarda ba, sai aka fara yi mini kallon ɓarawon babur, ni da na zo da ita a ture. Wani ɗan kamasho ya ja ni gefe ya ce in na ba da na goro za a rubuta ta a matsayin Jincheng a huta. Na ƙi. Ina zan kai fuskata gaban Baba?

Aka tura ni kotu na yi rantsuwa cewa an sauya inji, Baba ya dangwala yatsa a matsayin shaida bayan na biya shi kuɗin yinin da bai yi niyyar aiki ba. Na yanki inshora. Na dawo da fayil mai kauri ina taƙama. Yallaɓai ya buɗe takardar ciniki, ya bi sunaye da biro, ya tsaya. "Magada goma sha ɗaya, sa hannu goma. Ina ɗayan?"

Yanzu haka Basfar tana tashi, wani lokaci ma a bugu na farko in Baba na kusa. Shi ke yanke ranar da zan hau da inda zan je. Ya haramta mini gadar sama da hanyar Wudil. Duk Juma'a ina bi ta ƙofar gidan marigayi ta lunguna, don ba ni da lamba, Hajiya ta aiko yaro ya ce ƙarar ba ta kai ta da ba. 'Yar marigayi ta aro ta ranar sunan ɗanta don a yi hoto. Mai ɗakina kuwa ta auna soronmu ta ce wurin zai yi kyau da kaji.

Don haka jama'ar Fatakwal, musamman 'yan albasa, duk wanda ya san wani matashi ɗan Gwammaja da mahaifinsa ya bar koriyar Basfa, don Allah ya ce masa ya kunna wayarsa. Kasonsa yana hannun yayansa, ni sa hannu kawai nake nema.