Golmon Abuja

A ƙasar Zuru saurayi kan yi shekara 7 yana noman golmo kafin a ba shi mata. Abuja ta fi shi haƙuri.

Tun 2012 kwamitin Oronsaye ya ce a rage hukumomin tarayya daga 263 zuwa 161. Aka naɗa kwamiti ya duba rahoton. Daga baya aka naɗa wani ya duba aikin mai dubawa. A Fabrairun 2024 gwamnatin Tinubu ta ce to, yanzu kam za a rage. Yuli na kamawa sai ga sabuwar ma'aikatar kiwon dabbobi. Madalla, shanu ma sun samu minista.

Masu rubuta allon ƙofar ofis kuwa, an ce har sun fara tambayar kuɗin kujerar Makka.