Malamin Labarin Ƙasa a Filin Tsere

Tarihin wasannin guje-guje da tsalle-tsalle yana da wani babi da ba ya yi wa masu tarin takardun shaida daɗi, wato babin Colm O'Connell, ɗan mishan daga ƙasar Ailan, wanda ya sauka a garin Iten na Kenya a 1976 domin koyar da labarin ƙasa a sakandaren St. Patrick's, alhali bai taɓa horar da ɗan tsere ko ɗaya ba. Iten yana kan tudu mai tsayin kimanin mita 2,400, inda iskar shaƙa take da ƙaranci har jiki yakan ƙara yawan jajayen ƙwayoyin jini, lamarin da malamin yake iya bayyanawa a kan allo ba tare da ya yi haki ba.

Da aka damƙa masa 'yan gudun makarantar, sai ya tsaya gefen fili yana lura da ɗaliban da aka ce ya koyar, yana ɗaukar darasi daga gare su. Wannan hanya ce ta fitar da Peter Rono, wanda ya ci zinare a mita 1,500 a gasar Olamfik ta 1988, da Matthew Birir a tseren mita 3,000 mai shinge, wanda ake tsallake katako da kududdufin ruwa a cikinsa, a gasar Olamfik ta 1992, sannan David Rudisha, wanda ya kafa tarihin duniya a mita 800 a Landan a 2012.

Makarantar takan dasa bishiya da sunan zakarunta, saboda haka mai sharar ganye ne kaɗai yake da dalilin fargaba idan gasar Olamfik ta gabato.