Masu Sikirinshot Kala-Kala ne a Dutsin-Ma

Aikin ba ya cin daƙiƙa biyu. Ka danne maɓallin kunna waya tare da na rage murya, ko ka ja yatsu uku daga sama zuwa ƙasa idan Tecno ko Infinix ce a hannunka, sai fuskar wayar ta yi wal, abin da ke kanta ya zama hoto. Amma daga Dutsin-Ma zuwa Kurfi kowa da abin da yake nema da wannan hoto, kuma a nan halin mutum yake fitowa fili.

Sarkinsu shi ne Na-Tura. Shekarar 2023 ce ta naɗa masa rawani, lokacin da sauya fasalin naira ya sa takardar kuɗi ta yi ɓatan dabo, har mai ƙosai ta nemi asusun OPay. Ranar Laraba za ka same shi a kasuwar Dutsin-Ma gaban mai kifin dam ɗin Zobe. Ya taya, an sallama, an zuba a leda. Sai ya ɗaga waya daidai hancin mai kifi: "Ga shi nan, Malam, ya fita daga wajena. Sabis ne, yanzu zai shigo." Yawancin 'yan gidan nan masu gaskiya ne, kuɗin yana hanya. Sai dai akwai ɗan ɓata-gida a cikinsu, wanda rasit guda yake yawo da shi tun bara, babban yatsansa kullum a kan kwanan wata kamar an liƙa shi da gam. Shi ya koya wa 'yan kasuwa karatu. Yanzu mai kifi ba ya ko kallon wayarka, tasa yake saurare. "Ga benci nan, Alhaji, zauna sai na ji ta yi ƙara." Haka za a rataye ledarka a ƙusa, kana gadin kifi, ƙuda na gadinka.

Sai Lauyan Zaure. Wannan ba ya mantuwa, ba ya yafiya, kuma ba ya goge komai. Tun 2017 WhatsApp ya ba mutane damar janye saƙon da suka riga suka tura, amma ba a gabansa ba, don kafin yatsanka ya kai ga gogewa nasa ya gama aiki. Ka ce masa a wata hira ta tsakar dare za ka biya shi bayan an sayar da gyaɗa? Yana da shi, da ranar, da ƙarfe nawa. Ya ji an ce sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya yarda a gabatar da abin da aka ciro daga na'ura a kotu, sai ya haddace lambar yana tsorata mutane da ita. Bai karanta wurin da dokar ta nemi a haɗo da takardar da ke bayanin na'urar da yadda aka ciro abin ba. Ba ruwansa, tunda kotunsa teburin mai shayi ce, kuma a can ba a ɗage ƙara. Yana da 'yar'uwa a kowane guruf na adashi da na ankon biki. "Wallahi Anti ban ce haka ba." Shiru na minti ɗaya, sai hotuna huɗu su faɗo a jere, an zagaye maganar da jan layi.

Baba Ba-Da-Gangan ba shi da abokin faɗa. Cusa waya yake a aljihun jamfa, maɓallai su haɗu. Buɗe hotunansa ka gani: agogon fuskar waya, agogon fuskar waya, jikansa, agogon fuskar waya. Ranar da kuwa yake son ɗauka da gaske, sai ya ari wayar maƙwabci ya ɗauki hoton tasa, har da inuwar hularsa a gilashi.

Ɗalibi kuma, na Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da aka kafa a 2011 ko na Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, ya ɗauka cewa abin da ya shiga waya ya shiga kai. Jadawalin jarrabawa, takardun darasi shafi-shafi, sanarwar tallafin karatu, duk ya ɗauka zai karanta "anjima". Anjimar ba ta zuwa sai wayar ta yi kukan ta cika, sannan ya goge darasin ya bar hotunan ƙwallo. A yi masa adalci dai. A watan Satumbar 2021, da aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina saboda matsalar 'yan bindiga, har da Dutsin-Ma da Kurfi, shi ne ya zama babban mutum. Intanet ta ɗauke, amma hoton da ke cikin waya ba ya neman sabis. Waɗanda ke masa dariya su suka riƙa bin sa a tura masu ta Xender.

Wanda na fi jin haushi shi ne Mai Almakashi. Zai zage ka tas, ka rama da kalma ɗaya, sai ya datse nasa ya yaɗa naka, ya rubuta a ƙasa: "Jama'a ku tayani gani." Ƙanensa kuwa shi ne Mai Tona Kansa, wanda bai iya datsewa ba sam. Ya turo wa guruf na dangi hoton wata addu'a, amma a saman hoton ga saƙo ya leƙo daga lambar da aka sa wa suna "Bala Makanike", tana tambayar ko ya ci abinci, da jar zuciya uku. Uwargida tana cikin guruf ɗin. Ba wanda ya ce amin.

Samari masu soyayya sun sha kashi a 2022, da WhatsApp ya hana ɗaukar hoton saƙon gani-sau-ɗaya. Ba su yi kwana biyu suna makoki ba suka koma dabarar Baba, wato waya ta biyu.

Na ƙarshe ba abin dariya ba ne sosai. Shi ne Ɗan-Aike, mai tura hoton hoton hoto, wanda ya bi ta hannu da yawa har rubutun ya dusashe, ba sunan wanda ya rubuta, ba ranar da aka rubuta. Yau an buɗe ɗaukar ma'aikata, gobe ana raba tallafi ga duk wanda ya tura lambar BVN, jibi "an gan su sun nufo gari". A wani wurin wannan shirme ne kawai. A yankin da mutane suka san ƙarar babura da dare, hoto irin wannan yana rufe shaguna, ya hana manomi zuwa fadama, ya sa uwa ta kwana zaune da goyo, alhali abin ya faru ne shekara biyu da suka wuce a wata jiha. Ka tambaye shi inda ya samo, ya ce: "Ni ma turo min aka yi."

Malam Ɗan-Aike, don girman Allah, kafin ka tura na gaba kira wani da ke garin da aka ambata ka tambaye shi. Idan katin kira ne babu, yi masa filashin, zai kira ka.