Ina Ka Kai Ƙwallon Osimhen?

Majigin gidan kallonmu a Dutsi na hannu ne. Kawuna ya sayo shi a Kano, ya damƙa mini amanarsa, ya yi ta ja mini kunne a kan ƙwan fitila saboda tsadarsa. Bai ce komai ba game da wata 'yar fanka da ke cikinsa, wadda ba ta kai tafin hannu ba, alhali ran majigin a hannunta yake. Ƙwan nan zafi yake ɗauka na gaske. Da zarar fankar ta rage gudu, majigin zai kunna jar wuta ya kashe kansa don kada ƙwan ya fashe, kuma ba ruwansa da abin da ake yi a fili.

A hunturun 2024, ana tsakiyar gasar cin kofin Afirka a Kwaddibuwa, fankar ta fara kuka, har 'yan bencin gaba suka tambaye ni ko markaɗe na koma yi a ɓoye. Na kwance murfi, na tarar soson tace iska ya toshe, fukafukan fankar sun yi kauri da jar ƙura. Na bi su da tsohon buroshin haƙori, na ɓare takardar da ke bayanta, na ɗiga mata man keken ɗinki. Ta ɗan lafa, sannan ta dawo da sabuwar murya.

Ranar Laraba 7 ga Fabrairu za mu kara da Afirka ta Kudu a wasan kusa da na ƙarshe. Da sassafe na bi ta Shargalle na shiga Daura, wurin wani mai gyaran kwamfuta. Ya zaro mini fanka sabuwa fil, girmansu ɗaya, ita ma mai bol 12. Na ce, "Malam, tawa waya uku gare ta, wannan biyu." Ya ce, "Alhaji, ja da baƙa su ne aiki, rawayar nan ado ce." Ko Makka ban taɓa zuwa ba, amma Alhajin nan ya shige ni, na biya.

Rawayar nan kuwa ita ce 'yar rahoto, ita ke sanar da majigi cewa fanka na juyawa. Sabuwar ta yi ta hura iska har tana ɗaga takarda, shi kuwa gogan bai ji labari ba, sai ya kawo haske ya ɗauke. La'asar sakaliya na mayar da tsohuwa mazauninta, ina ba ta haƙuri.

Gida ya cika maƙil. Tsohuwa ta daure har Troost-Ekong ya ci fenariti. Ana dab da tashi Osimhen ya ƙara ta biyu, ɗaki ya ɗauki sowa, ana ta dukan langa-langa, sai ga jar wuta. Duhu ɗif. Majigi kuma in ya yi fushi sai ya huce don kansa. Da hoto ya dawo bayan 'yan mintuna, a saman allo an rubuta 1-1.

Wani dattijo ya miƙe ya nuna ni da sanda: "Kai yaro, biyu da nema muka bari. Ina ka kai ƙwallon Osimhen?" Na rantse ba ni ba ne. Ashe alƙalin wasa ne ya duba bidiyo, ya soke ƙwallon, ya ba Afirka ta Kudu fenariti suka farke. Wa zai saurare ni? Wasu na cewa a maida musu kuɗinsu, wasu na cewa a maida ƙwallo. Kawu ya iso ya ƙara wa wutar fetur, wai majigin da suka kalli fim ɗin Baban Larai da shi a ƙofar fada bai taɓa yi musu haka ba. Na ce, "Kawu, ai Baban Larai bai je ƙarin lokaci ba."

Wani ya ce a ɗora masa ƙanƙara, na ce ruwa da wuta ba a gidana ba. Fankar tsaye kuma janareta ba zai ja ba. Sai na ari mafici wurin mai tsiren bakin ƙofa, na durƙusa ta gefen da majigin ke shaƙar iska, na hau fifita. Yaji ya bi iska, 'yan kusa suka kama atishawa. Haka na yi ƙarin lokaci gaba ɗaya da bugun fenariti, ƙeyata na kallon allo. Ƙwallo biyun da Nwabali ya tare, a kunne na gan su. Da Iheanacho ya zura ta ƙarshe aka tashi 4-2, wani ya daka tsalle ya fizge waya, aka ƙarasa murna a duhu.

Washegari na aika Titin Beirut a Kano aka kawo mini mai waya uku. Ranar Lahadi 11 ga wata majigi ya yi aiki shiru, hoto tangaran, muka zuba ido Kwaddibuwa ta doke mu 2-1 ba tare da mun rasa ko minti ɗaya ba. Har yau a majalisar mai shayi hukuncinsu guda ne: ni na kayar da Najeriya da na canja fanka.